Daga Kwangila har kogon Morakot, tafiyata tsibirin Ko Muk

Ni dai sarin kaya ne yake kai ni Bankok, kayan yara da takalma da nake sayarwa a shagona na kasuwar Sabon Gari a Zariya, kuma in naje daga masauki sai kasuwar Pratunam sai ta Bobae sai wajen masu kargo, shikenan na juyo gida. Wannan karon ƙanina dake karatu a Hat Yai can kudancin Tailan shi ya matsa min, yace Yaya kullum ka zo ƙasar nan kasuwa kawai kake gani, ka bani 'yan kwanaki in kai ka wani tsibiri na Musulmi, akwai kogo a cikin teku da ba a shigarsa sai ta ruwa. Nace masa ai ka san ban iya ruwa ba, yace kazo dai.

Takardu sune na farko. Ɗan Najeriya in zai nemi bizar Tailan sai ya haɗa da takardar wankewa ta NDLEA, sannan katin rigakafin shawara dole ne, kar ma ka bar gida babu shi. Watan Janairu na tashi, sanyi ana ji har ƙashi ga hazo, bayan sallar asuba na shiga mota a Kwangila. Hanyar Kano yanzu Alhamdulillahi ta yi kyau, Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, shingayen jami'an tsaro nan da can, wani ya ɗaga mana hannu mu wuce wani ya leƙo ya tambayi direba takardu. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, muka canza jirgi, wajen awa 9 a sama kafin Bankok. A can kafin ka isa wajen buga hatimi sai ka fara bi ta teburin jami'an lafiya sun duba katin shawaran nan, sannan a tambaye ka tikitin komawa da inda zaka sauka. Agogonsu yana gaban namu da awa 6, shi yasa daren farko ido biyu na kwana.

Da na gama da kasuwa na miƙa kaya kargo, sai na kama jirgin ƙasa na dare daga babbar tashar Krung Thep Aphiwat zuwa garin Trang, kusan baht 900 na biya, lokacin baht ɗaya ya haura naira 40. Da yamma kujeru ne kana zaune kana kallon gonakin shinkafa, dare nayi sai wani ma'aikaci ya zo ya naɗe kujerun ya mayar dasu gado, ya shimfiɗa farin zani ya sa matashi ya ja maka labule. Wallahi ina kwance a ciki tashar jirginmu ta Sabon Gari nake ta tunawa, wadda a da nan ne layin Kano da na Gusau zuwa Ƙaura Namoda suke rabuwa, iyayenmu suna bamu labarin yadda wajen yake cika da fasinja da buhunan gyaɗa da auduga. Layin dogon nasu ma ƙarami ne irin tsohon namu, ba wani sabon abu bane, kula kawai suke dashi kuma jirgin yana tashi kullum.

Gari na wayewa sai bishiyoyin roba dama da hagu, a jere kamar an ja musu layi, kowace an yanke jikinta a karkace an ɗaura ɗan kofi yana tarar farin ruwan. Ƙanina dake jirana a tasha yace a lardin nan aka fara dasa roba a duk Tailan, a shekarar 1899 a garin Kantang, gwamnan lokacin ne ya kawo irin. Ya kuma gargaɗe ni tun kafin mu fita, yace Yaya garin nan sun shahara da gasasshen naman alade, kusan duk shagon karin kumallo akwai shi, don haka sai inda ka ga tambarin halal ko mace mai hijabi tana sayarwa. Bamu yi nisa ba muka samu wata baiwar Allah da ɗanta, ta zubo mana shinkafa mai kurkum da cinyar kaza da wani ɗan romo a gefe, baht 60. Dandano dai ya kusa da dafadukar gida amma sun fi mu son zaƙi, hatta miya sai kaji sukari a ciki.

Bas ƙarama ta kai mu gaɓar Khuan Tung Ku cikin kamar awa ɗaya. Nan na fara ganin kwale-kwalensu, na katako ne dogo mai tsinin goshi an ɗaura masa ƙyallaye masu launi, injin kuma injin mota ne sukutum aka ɗora a baya, da wani dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshensa, direban ya riƙe shi yana juyawa yana ɗagawa. Ƙara kam ba a magana, sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji. Muka ratsa ta cikin bishiyoyin nan masu tsayawa a kan saiwarsu cikin ruwan gishiri, muka fita fili, bayan kamar rabin awa sai ga Ko Muk.

Tsibirin ƙarami ne, ban ga motar haya ko ɗaya ba, babur ne aka liƙa masa ɗan keji mai benci a gefe shine tasin su. Gidajen masunta a kan turaku suke a bakin ruwa, awaki da kaji suna yawo, yara mata da 'yan hijabansu suna dawowa daga makaranta. Ko'ina kuma akwai allo mai hoton igiyar ruwa da kibiya tana nuna hanyar tudu, tun bayan tsunamin 26 ga Disamba 2004 da ya daki gaɓar tekun Andaman aka kakkafa su. Mun sami ɗaki na katako mai fanka da gidan sauro baht 700 a kwana, mai gidan ta kawo mana kwakwa ɗanya ta fasa mana kai muka sha.

Magariba tana yi na ji kiran sallah, jikina ya yi sanyi. Ka baro Zariya ka keta rabin duniya ka zo tsakiyar teku kaji Hayya alal falah yadda ladanin unguwarku yake yi. Muka bi sautin har masallaci. Abun da ya fara ɗaure min kai shine alƙibla, mu da muka tashi in ance sallah sai ace fuskanci gabas, su yamma suke kallo inda rana ke faɗuwa, don Makka tana yammacinsu. Shafi'awa ne, liman yana bayyana Bismillah, da asuba kuma ya ɗaga hannu yayi alƙunut a fili mamu suna amin. Bayan sallama dattawan suka kewaye mu ana ta musabaha, kowa in ya saki hannunka sai ya taɓa ƙirjinsa. Ƙanina yana ɗan jin yarensu shi yake fassara, da suka ji Najeriya sai wani ya fara maganar ƙwallo, wani tsoho kuma yace ya yi Hajji ya zauna kusa da 'yan Najeriya a Mina ya ga yadda suke karatun Alƙur'ani da ka. A nan cikin sahu muka samu wanda zai kai mu kogon, wani magidanci baƙi siriri da hannunsa duk kanta saboda jan igiya, ƙanina yana ce masa Bang yadda suke kiran babban wa.

Nace masa gobe bayan azahar in mun huta sai mu tafi. Ya girgiza kai, ya ɗaga ido ya kalli wata, ya ƙirga da yatsu, yace ba haka ake yi ba, ruwa ne yake faɗin lokaci. Tekun sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, in wata ya kwana 14 ko 15 ko kuma lokacin da ya ɓace to cikar tafi yawa janyewar ma tafi yawa. Bakin kogon ƙasa-ƙasa yake, in ruwa ya cika sosai ba mai shiga, wanda yake ciki kuma sai ya jira. Yace gobe da safe ruwa zai yi ƙasa, mu fito da hantsi bai yi ba kafin manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido su iso. Abun ya burge ni ƙwarai, mutumin nan kwanan watan Musulunci yana bakinsa kullum saboda da shi yake cin abinci, mu kuwa da yawanmu sai azumi ya matso ko layya muke tambayar nawa ga wata. Muka yi ciniki a kan baht 1,200 shi da jirginsa har la'asar.

Da safe muka zagaya tsibirin ta ruwa don kogon yana ɓangaren yamma, babu hanyar ƙafa. Can gefen babu gida babu yashi, dutse ne miƙe tsaye daga cikin teku har sama, fari da ja da baƙi-baƙi, bishiyoyi sun maƙale a jikinsa ka rasa ina suke samun ƙasa. Gindin dutsen duk ruwa ya cinye shi ya yi rami ya shige ciki, sama ta fi ƙasa faɗi, ga wasu duwatsu masu tsini suna reto daga sama suna ɗiga. Ƙanina yace dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi, asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da suka taru suka daskare tun zamanin da, ruwan sama yana narkar da shi a hankali ta tsagogi, igiyar teku kuma tana ci ta ƙasa, shi yasa duk yankin ya cika da koguna. Dutsen Kufena namu ba haka yake ba, shi ƙaƙƙarfan dutse ne da ruwa baya narkarwa, sai dai ya tsage ko ya ɓare.

Bang ya kashe inji ya ɗauki gora yana tura jirgin cikin wani ɗan lungu. Muna shiga zafin rana ya yanke, wari mai kauri na kashin jemage ya bugi hancina, ƙananan kaguwa suna gudu a jikin bango, ruwan a ƙarƙashinmu garau har kana ganin inuwar jirgin a kan yashi. Ya haska tocila sama ya nuna mana wasu 'yan tsuntsaye masu kama da tsattsewa suna shiga suna fita. Yace da yawunsu suke gina sheƙa, ita kuma sheƙar 'yan Sin suna saye da tsada suna miya da ita, kakanninsu da gora da igiya suke hawa cikin duhu su ɓanɓaro, wasu sun faɗo sun rasu a wannan neman.

Sai muka iso Morakot ɗin kansa. In ba an nuna maka ba zaka wuce, wani baƙin rami ne kawai a gindin dutse. Wajen yana cikin gandun gwamnati na Hat Chao Mai, jami'ansu suna nan cikin jirgi suna karɓar kuɗin shiga suna bada rasit, kuma da damina rufe shi suke yi gaba ɗaya saboda haukan teku. Jirgi baya shiga, dole ka sauka cikin ruwa, tsawon ramin kusan mita 80.

Gaskiya a nan zuciyata ta buga. Mu 'yan Zariya da tsoron ruwa aka raine mu, wanda ya tashi a Samaru ko Tudun Wada ya san yadda iyaye suke dukan yaro in aka ce an gan shi a Kubanni ko Galma, kuma suna da hujja don kusan kowace unguwa akwai gidan da ruwa ya ci musu yaro. Sai muka girma bamu iya ba, muna jin labarin 'yan ruwa, ruwan da ya wuce gwiwa sai mu ja baya. Bang ya kalli fuskata bai yi dariya ba, ya zo da kansa ya ɗaura min rigar ceto ya ja igiyoyinta har ta matse ni, ya jefa wata tayar roba mai igiya ya nuna min in rungume ta da hannu biyu, yace ta bakin ƙanina, kar ka yi komai, kar ka buga ƙafa, ni zan ja ka, in kaji tsoro ka kira sunan Allah. Ya ɗaura tocila a goshi ya kama igiyar. Nayi Bismillah na sauka ta tsani, ruwan ɗumi ne ba sanyi, rigar ta ɗaga ni sama.

Farkon shiga ruwan kore ne shar, hasken rana yana shigowa ta ƙarƙashi yana haska rufin da koren, daga nan sunan kogon ya samo asali, don Morakot a yarensu sunan wani koren dutse ne mai daraja. Kaɗan muka yi gaba ramin ya karkata, hasken ya ɗauke ɗif. Duhun da ban taɓa gani ba, ka buɗe ido ka rufe duk ɗaya, sai ɗan da'irar tocilar Bang tana yawo a jikin dutse. Ga wata ƙara, duk sanda igiyar ruwa ta shigo ta daki wani lungu can ciki sai kaji gum har cikin ƙirjinka, ruwan ya ɗaga ka ya sauke ka. Ruwan gishiri ya shiga bakina, ƙafata bata taɓa komai, ina ta La'ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin, addu'ar Annabi Yunus ita ta zo bakina da kanta. Ƙanina yana bayana riƙe da rigata yana cewa Yaya muna tare, saura kaɗan. Bang kuma ko waiwaye baya yi, yana iyo a nitse yana kauce wa bango a duhu kamar tsakar gidansa.

Can sai wani fari-fari ya bayyana a gaba, ya ƙaru ya ƙaru, ƙafata ta taɓa yashi, na miƙe tsaye. Subhanallah. Wani fili ne a tsakiyar dutsen, bango ya kewaye shi ta ko'ina tsayinsa sai ka ɗaga kai har hularka ta faɗi, sama kuma a buɗe. Farin yashi mai laushi, bayansa 'yan bishiyoyi masu faɗin ganye da kurangai suna saukowa daga sama, ruwan bakin yashin iya gwiwa. Ƙanina yace da can duk kogo ne rufaffe, rufin ne ya rufta shekaru aru-aru da suka wuce sai rana ta samu shiga tsiro ya fito. Bang yace mutanen da suna cewa 'yan fashin teku a nan suke ɓoye abun da suka sato, kuma duk wanda ya ga wajen zai yarda, zaka shekara kana wucewa ta waje baka san akwai shi ba. Mu kaɗai ne a ciki, in kayi magana bango ya dawo maka da ita. Na zauna a kan yashi jikina yana rawa ina ta hamdala, hawaye ya zo min ban hana shi ba.

Bamu daɗe sosai ba muka fara jin ihu da dariya daga cikin ramin, sai ga jerin mutane sun fito kowa ya riƙe rigar na gabansa, Turawa da 'yan Sin da 'yan ƙasar, nan take wajen ya cika da ɗaukar hoto. Bang ya je ya duba wani tabo a jikin dutse ya ga inda ruwa ya kai, ya tafa hannu yace mu tafi. Da gaskiyarsa kuwa, a komawa rufin ya matso kusa da kanmu fiye da ɗazu, ruwan kuma turo mu yake yi baya, sai da ya sa ƙarfi kafin muka fito. Da na hau jirgi na kama hannunsa da hannu biyu nayi ta masa addu'a da Hausa, baya jin ko kalma ɗaya amma yana ta amin.

Daga nan ya kai mu Ko Kradan, wani tsibirin kusa, ya bani gilashin fuska na kifa kaina ina riƙe da tsanin jirgi, kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suna zuwa har gaban idona. A hanya ya nuna mana wajen ciyawar ƙarƙashin ruwa yace akwai wata babbar dabba dake kiwo a nan mai shayar da ɗanta nono, sunfi yawa wajen tsibirin Libong. Da ya kwatanta ta sai na gane 'yar uwar ayu ce, irin na kogin Binuwai da ake tallar mansa a kasuwanninmu. Su a can doka ta hana taɓa ta, masunta da kansu suke kai rahoto in ta faɗa raga. Bamu ganta ba ranar. Da la'asar iska ta taso, jirgin yana hawa yana dukan ruwa, cikina ya juya na yi amai, gishiri ya bushe a fuskata yana yi min zafi, kafaɗuna kuma rana ta ƙona su har suka yi saɓa daga baya, duk baƙin fatarmu ranar teku bata bari.

Da dare matar Bang ta aiko mana da gasasshen kifi da shinkafa da wani yaji na barkono da lemun tsami da tafarnuwa, na ba da kuɗi aka dawo min da shi. Muna ci muna hira da ƙanina a kan Kufena. Ga dutse a bakin gari mai tarihin Zazzau tun kafin a zauna a birni, ga ganuwa ga ƙofofi, amma baƙo in ya zo babu wanda aikinsa ne ya hau da shi ya bashi labari, yaranmu da yawa basu taɓa hawa ba. Mutanen nan kuwa rami ɗaya Allah ya basu a gindin dutse, sun san lokacin shigarsa da na fita, sun hana zubar da shara a ciki, mai jirgi yana ci mai babur yana ci mai ɗaki tana ci, kuma basu bar sallarsu ba basu bar shigarsu ba, baƙi suna can bakin ruwa da irin tasu shigar amma in zasu shigo ƙauye ana roƙonsu su rufe jiki. Abun ya tsaya min a rai sosai.

Ranar tafiya Bang ne ya mayar damu gaɓa, ya ƙi karɓar kuɗin wannan. A Trang muka rabu da ƙanina, shi ya hau bas ɗin Hat Yai ni na koma Bankok na biya wajen masu kargo na tabbatar kaya sun tashi. Mun sauka Kano cikin hazo mai kauri, leɓena ya fara tsagewa tun a filin jirgi, na samu motar Zariya da ta rage mutum biyu, bayan isha'i na sauka a Kwangila na hau keke zuwa gida.